Yadda Ake Kwaikwayon Amsar Radar Daga Abin Da Ke Binne A Ƙasar Maraɗi

Radar mai leƙen ƙarƙashin ƙasa ba hoto take ɗauka ba. Eriya ɗaya ke harba ɗan gajeren bugun igiyar rediyo cikin ƙasa, ta biyu na sauraren abin da ya dawo, kamar mai kira a bakin rijiya yana jiran amsa-kuwwa. Abin da ke fitowa a allo layuka ne masu lanƙwasa, kuma tiyon ruwa, dunƙulen marmara, saiwar dogon yaro da tsohuwar shadda da aka cike duk suna iya ba da zane mai kama da juna. Shi ya sa kafin a sa diga a kan kwalta ake fara gina wurin a kwamfuta, a binne abin da ake zato a ciki, a ga irin amsar da zai bayar, sannan a gwada ta da wadda aka ɗauko a fili.

Mai koyo yakan ɓata kwanaki yana gyara siffar tiyo, alhali ƙasar da ke kansa ce ke yanke hukunci. Don haka daga ƙasa za mu fara.

Lambobi biyu na ƙasa

Ta farko ita ce εr, mu kira ta lambar jinkiri, domin ita ke rage wa igiya gudu. A iska igiya na cin mita 0.3 a nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. A cikin wani abu kuwa sai ka raba 0.3 da tushen εr ɗinsa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da εr. Iska tana da 1, busasshen rairayi 3 zuwa 5, robar tiyo wajen 3, ruwa wajen 80. Ka lura da tazarar da ke tsakanin rairayi da ruwa: ɗan danshi kaɗan ya isa ya juya lissafi gaba ɗaya.

Ta biyu ita ce σ, ma'aunin yadda ƙasa ke barin lantarki ya ratsa ta, ana ƙirga ta da mS/m. Ita ce ke cinye ƙarfin igiya. Asarar kowace mita, a dB, ma'aunin raguwar ƙarfin igiya, kusan 1.69 ne sau σ, a raba da tushen εr.

Maraɗi a kan ƙasa iri biyu take zaune, kuma tarihinta ma ya nuna haka: bayan ambaliyar 1945 ne aka tashi daga kwarin gulbi aka hau tudu. A kan tudu jigawa ce. Ka ɗauki εr 4 da σ 0.1 da rani, asarar ba ta kai dB 0.1 a mita ba, igiya na shiga ta fito lafiya. Ka sauka fadamar Gulbin Maraɗi inda laka take, ka ɗauki εr 16 da σ 50, asarar ta zama dB 21 a kowace mita. Tiyon da ke zurfin santimita 80, zuwa da dawowa mita 1.6 ke nan, dB 34 sun tafi, amsar ta ragu sau hamsin. Na'ura ɗaya, tiyo ɗaya, a tudu ka gan shi ƙuru-ƙuru, a fadama ka rasa shi. Geza tana tsakanin biyun, kuma ba a yi mata ƙiyasi, sai an auna.

Auna danshin ba wuya. Ka samu zoben ƙarfe mai cin santimita 100 na kubik, ka soka shi a bangon rami daidai zurfin da kake bukata, ka auna nauyin ƙasar nan take kafin rana ta sha ta. Ka busar da ita a zafin digiri 105 na awa 24, ka sake aunawa. Giram nawa suka ragu, ka raba da 100, danshin ke nan, θ. Daga nan sai lissafin Topp na 1980, mai juya danshi zuwa εr:

εr = 3.03 + 9.3θ + 146θ² − 76.7θ³

In giram 5 suka ragu, εr ya zama 3.9. In 10 ne, 5.3. In 20 ne, 10.1. Lissafin yana tafiya daidai a rairayi, amma a laka mai nauyi yana karkacewa, a can gara ka dogara da ramin gwaji da za a yi bayaninsa a ƙarshe.

Ga abin da wannan ke nufi ga mai haƙa. Tiyo a zurfin mita 0.8 cikin jigawar watan Maris, gudun igiya 0.15, amsa na dawowa cikin nanosakan 10.7. Tiyon nan dai a watan Agusta, damana ta jiƙa ƙasa εr ya kai 10, gudu ya koma 0.095, amsa sai a nanosakan 16.9. Wanda ya karanta awon Agusta da gudun Maris zai ce tiyon na mita 1.27, ya ba lebura izinin sara da ƙarfi har mita ɗaya. Saura kuwa ka san shi.

Wace hanyar lissafi?

Tambayar farko ita ce girman abin idan an gwada shi da tsawon zangon igiya a cikin ƙasa, ba a iska ba. Eriya mai megahaz 400, wato yawan kaɗawar igiyarta, a jigawa mai εr 4 tana da zangon santimita 37.5. Tiyo mai faɗin milimita 110 kewayensa santimita 35 ne, kusan daidai da zangon. A nan ne abin ya fi rikitarwa, domin igiya na zagaye tiyon, tana shiga cikinsa tana kai da komo, ƙarfin amsar na hawa da sauka da ɗan canjin faɗi. In abin ya fi zango ƙanƙanta sosai, kamar tsakuwa, amsarsa na faɗuwa da sauri ƙwarai. In ya fi shi girma nesa, kamar rufin tankin siminti, kamar madubi yake, lissafin haske ya wadatar.

Akwai cikakken lissafi na hannu ga ƙwallo, wanda Gustav Mie ya fitar a 1908, da makamancinsa ga dogon bututu. Suna da kyau wajen gwada ko manhajarka na faɗin gaskiya, amma suna ɗauka cewa ƙasa iri ɗaya ce ko'ina, ba fuska, ba hawa-hawa. Ƙiyasin Born, wata gajeriyar hanyar lissafin amsa, yana aiki ne kawai in abin da aka binne bai bambanta da ƙasa sosai ba, kada ka kai shi wurin ƙarfe ko tiyo mai ruwa. Ga aikin yau da kullum, hanyar FDTD da Kane Yee ya shimfiɗa a 1966 ta fi dacewa: a yanka wurin gurbi-gurbi kamar filin dara, a ba kowane gurbi εr da σ nasa, a bi igiya taki-taki da ƙa'idojin Maxwell. Manhajar gprMax, wadda Antonis Giannopoulos ya fara a 1996, kyauta ce, da Python take aiki, kuma kwamfutar ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta ishe ta in an tsaya a fuska biyu, tsawo da zurfi.

Girman gurbi

Ƙa'idar ita ce gurbi goma aƙalla a cikin zango mafi gajarta. Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, a ɗauki megahaz 400 da ke rubuce jikin eriya, alhali bugun yana ɗauke da ƙarfi har kusan ninki uku, wato megahaz 1200. Na biyu, a yi lissafi da εr na ƙasa a manta da ruwan da ke cikin tiyo. A ruwa gudun 0.033 ne, zango a megahaz 1200 santimita 2.8, gurbi kada ya wuce milimita 2.8. Mu ɗauki 2.5. In gurbi ya yi girma, ɓangarorin bugun ba sa tafiya da gudu ɗaya, sai ka ga wutsiya mai kaɗawa a bayan kowace amsa ka zaci wani abu ne a ƙasa, alhali lissafi ne ya haife ta.

Fili mai tsawon mita 2 da tsayin 1.5 zai ba da gurbi 800 sau 600, wato 480,000. Takin lokaci manhajar ce ke fitar da shi bisa sharaɗin Courant, mai ɗaure takin da girman gurbi, a nan nanosakan 0.0059, taki wajen 5,100 kafin a cika nanosakan 30. Ka ƙara faɗin mita ɗaya don a zama fuska uku, gurabe sun koma miliyan 192. Wannan ba aikin ƙaramar kwamfuta ba ne.

Ga fayil ɗin, a adana shi da suna tiyo.in:

#domain: 2.0 1.5 0.0025
#dx_dy_dz: 0.0025 0.0025 0.0025
#time_window: 30e-9
#material: 4 0.0001 1 0 jigawa
#material: 3 0 1 0 roba
#material: 80 0.02 1 0 ruwa
#waveform: ricker 1 400e6 bugu
#hertzian_dipole: z 0.20 1.31 0 bugu
#rx: 0.30 1.31 0
#src_steps: 0.02 0 0
#rx_steps: 0.02 0 0
#box: 0 0 0 2.0 1.3 0.0025 jigawa
#cylinder: 1.0 0.445 0 1.0 0.445 0.0025 0.055 roba
#cylinder: 1.0 0.445 0 1.0 0.445 0.0025 0.050 ruwa

Abubuwa huɗu ke sa mutane tuntuɓe a wannan ɗan fayil. Manhajar tana karɓar σ ne da S/m, ba mS/m ba, don haka 0.1 ya zama 0.0001, wanda ya rubuta 0.1 kai tsaye ya mayar da jigawa laka, ba zai ga komai ba. Tsayi daga ƙasan fili ake ƙirga shi zuwa sama: fuskar ƙasa na 1.3, saman tiyo na 0.5, tsakiyarsa na 0.445. Abin da aka rubuta daga baya shi ke danne na farko, saboda haka akwatin ƙasa ne a gaba, sai roba, sai ruwa. Ka juya jerin, ƙasa ta shafe tiyon. Na huɗu shi ne gefe. Manhajar na kewaye filin da bango mai shanye igiya, dabarar da Jean-Pierre Berenger ya kawo a 1994, kaurinsa gurbi goma daga cikin filin da ka bayar. Kada eriya ko tiyo su matso shi ƙasa da gurbi 15. In ka ga wani layi na dawowa daga gefe, ka ƙara kaurin da #pml_cells: 20.

Kafin ka ƙona awoyi, ka ƙara layin #geometry_view, ka gudanar da --geometry-only, ka buɗe zanen a manhajar ParaView ka ga tiyon da idonka. Sannan:

python -m gprMax tiyo.in -n 76

Za ta yi lissafin zagaye 76, a kowanne eriya ta matsa santimita 2. Ka haɗe sakamakon da tools.outputfiles_merge, ka zana shi da tools.plot_Bscan, ka zaɓi Ez, wato lantarkin igiyar da ke kwance tare da tsawon tiyo. Kowane zagaye fayil ɗinsa daban yake rubutawa, in wuta ta ɗauke a na 45 ba sai ka koma farko ba, akwai -restart.

Karanta abin da ya fito

A sama za ka ga ƙaton layi a miƙe, shi ne bugun da ya tsallaka kai tsaye daga eriya zuwa eriya tare da amsar fuskar ƙasa. Ya fi komai ƙarfi, yana rufe santimitocin farko. A kwamfuta maganinsa mai sauƙi ne: ka sake gudanar da fayil ɗin ba tiyo, ka ɗebe wannan daga wancan, abin da ya saura na tiyo ne zalla.

Ƙarƙashinsa sai baka, kamar ƙwarya a kife. Dalilinta shi ne eriya na jin tiyon tun kafin ta iso kansa. In tana nesa da shi mita 0.6 a kwance, tazarar mita 1.0 ce, lokacin 13.3, in tana kansa daidai, 10.7. Amma a zanenka ƙololuwar bakar za ta fito wajen 14.2, kada ka firgita. Bugun Ricker da muka zaɓa a layin #waveform, a gprMax ba a sifili yake kai ƙololuwa ba, sai bayan tushen 2 a raba da yawan kaɗawa, wato nanosakan 3.5 a megahaz 400. Ka ɗebe su kafin ka juya lokaci zuwa zurfi. Wanda ya manta ya ƙara wa tiyon santimita 26 da babu su.

Ƙafafun bakar ne ke faɗin gudun ƙasa. Can nesa, gangarensu 2 a raba da gudu ne: nanosakan 13.3 a mita a busasshiyar jigawa, 21 a jiƙaƙƙiya. Baka mai faɗi ƙasa busasshiya, baka mai tsini ƙasa mai danshi. Sai dai abu mai faɗi ma yana buɗe bakar, saboda haka in ka daidaita lissafin ɗigo a kan babban kwalbati za ka sami gudu fiye da gaskiya, zurfi ma fiye da gaskiya. Ka sa rabin faɗin abin a lissafin, R: lokaci = 2/v sau [√(x² + (d+R)²) − R], inda v ke nufin gudu, x nisan eriya a kwance, d zurfin saman abin.

Yanzu me ke cikin tiyon? Ƙarfin amsa a kan iyakar abu biyu shi ne tushen εr na farko a ɗebe na biyu, a raba da jimlarsu. Daga jigawa zuwa roba 0.07 ne kawai, robar kanta kusan ba a ganinta. Zuwa iska +0.33, zuwa ruwa −0.63, zuwa ƙarfe −1. Alamar ɗebewa na nufin bugun ya dawo a juye. Ke nan tiyo wofi da tiyo mai ruwa launinsu a allo kishiyar juna ne. Ga kuma shaida ta biyu: igiyar da ta shiga ruwan ta bugi gindin tiyon ta dawo, santimita 20 a gudun 0.033, sai ka ga baka ta biyu nanosakan 6 ƙarƙashin ta farko. Daga wannan tazarar kake fitar da faɗin tiyon. In wofi ne tazarar 0.7 ce, ta narke cikin ta farko. Ka canja ruwa zuwa free_space, sannan zuwa pec wato ƙarfe, ka jera zane ukun. A unguwar da famfo ke zuwa da dare kawai, awon safe da na yamma za su iya bambanta a kan tiyo ɗaya, ka rubuta lokacin awo.

Inda kwaikwayo ke rabuwa da fili

Samfurin fuska biyu yana ɗauka cewa tiyon ba shi da ƙarshe, eriyar ma haka, kuma ka ratsa shi a gicciye daidai. Lokutan da ya bayar ka yarda da su. Ƙarfin amsar kuwa kada ka yarda, domin a fuska biyu igiya na raguwa da tushen nisa, a duniyar gaske da nisan kansa. Ga tulu, tanki ko bakin tsohuwar rijiya, wanda tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya ne, sai fuska uku, da na'urar zane ta NVIDIA da zaɓin -gpu in akwai.

Haka nan a fayil ɗin nan lantarkin igiyar na kwance ne tare da tsawon tiyo. Wannan shi ne mafi kyau ga siririn ƙarfe da wayar wuta. Tiyon roba wofi ya fi fitowa in an juya eriyar lantarkin ya gicciye shi. A fili ka bi layi ɗaya sau biyu, ka juya eriya a na biyu.

Ƙasar fayil ɗinmu ta cika tsabta. Ta gaske tana da busasshen sama da danshi a ƙasa, ga cikon marmara a gefen hanya, ga ramin da aka haƙa aka mayar. Ka ƙara akwatuna: santimita 20 na sama εr 3.5, ƙasa da shi 6, sannan akwatin rami mai faɗin santimita 40 da εr ɗan daban da na kewaye. Gefunan ramin na ba da nasu ƙananan bakuna masu gicciye juna a saman tiyon. Sau da yawa su ne kaɗai shaidar wayar intanet ta gilashi, wadda ba ta da ƙarfe in ba an sa mata ba. In kana son tsakuwa da danshi mai ɗigo-ɗigo, akwai #soil_peplinski da #fractal_box, amma lissafin Peplinski, wanda #soil_peplinski ke amfani da shi, tsakanin megahaz 300 da 1300 aka gina shi, kada ka kai shi ga eriyar 100.

Wani abin da ke yaudara a lungunan cikin gari shi ne amsar sama. Katanga, rufin kwano, turken wuta da motar da aka ajiye duk suna mayar da igiya ta iska. Bakarsu shimfiɗaɗɗiya ce, gangarenta nanosakan 6.7 a mita. Duk bakar da ta ba ka gudun 0.3, ɗaga kai za ka yi, ba haƙa ba. Sannan dabarar ɗebe matsakaicin layuka da ake yi wa awon fili tana share duk abin da ke miƙe, har da tiyon da ka bi ta tsawonsa. Duk gyaran da ka yi wa awon fili, da ƙarin ƙarfin da ka ba shi, ka yi wa na kwamfuta irinsa, in ba haka ba gwamin ba shi da ma'ana.

Daga sama fa?

Ƙa'idar ɗaya ce ga radar ta tauraron ɗan'adam. A Nuwamba 1981 na'urar SIR-A da ke kan kumbon Columbia, mai zangon santimita 23.5, ta nuno tsofaffin hanyoyin koguna ƙarƙashin rairayin Selima a iyakar Masar da Sudan. Zurfin shiga kusan zango ne sau tushen ε′, a raba da 2π sau ε″, inda ε′ ke matsayin εr, ε″ kuma ke auna asara. Ka sa 3 da 0.05, irin busasshen rairayin hamada, ka sami mita 1.3. Ka sa 10 da 1, irin gonar gero a damana, santimita 12. Tauraron Sentinel-1 mai zangon santimita 5.6 bai kai rubu'in haka ba. A yankin Maraɗi hoton Fabrairu zuwa Afrilu ne kawai ke da ɗan amfani, kuma ga manyan abubuwa irin tsohon kwarin Gulbin Kaba, ba tiyo ba. A irin wannan samfuri gargajewar fuskar ƙasa, kunyoyin gona da karan da aka bari su ne ke mamaye amsar, dole a sa su.

Ramin gwaji

Gwaji biyu kafin ka miƙa wa mai aiki sakamako. Na kwamfuta: ka rage gurbi zuwa milimita 1.25, ka gudanar da layi ɗaya na kan tiyo. In lokacin amsa ko siffarta ta motsa a fili, gurbin farko ya yi girma.

Na fili: kusa da wurin aiki, a ƙasa iri ɗaya, ka haƙa rami mai zurfin mita ɗaya. Kada ka binne abu ka mayar da ƙasa, domin cikon ba zai yi kama da ta asali ba. Ka doka rodi mai kaurin milimita 12 da tsawon mita ɗaya a bangon ramin, a kwance, a zurfin santimita 50, ya shige cikin ƙasar da ba a taɓa ba. Ka ja radar a gicciye a kansa, rabin mita daga bakin ramin. Zurfin ka san shi da tef, lokacin ka karanta a allo, gudu shi ne 1.0 a raba da lokacin, εr kuwa 0.3 a raba da gudun, a ninka da kansa. In ka karanta nanosakan 7.5, gudun 0.133 ne, εr 5.1. Wannan lambar za ka sa a layin #material maimakon 4. Ka ɗaga σ kaɗan-kaɗan da rodi na biyu a santimita 80, har rabon ƙarfin amsoshin biyu ya yi kusa da na fili, kana tuna bambancin raguwar fuska biyu da uku. In an yi ruwa tsakanin ranar gwaji da ranar awo, ka sake jan radar a kan rodin kafin ka fara.